Sauro da Zazzaɓin Shawara a Kudancin Katsina



Da yake harshe ne fannina, ta nan zan shigo wa maganar. Bahaushe yana da kalma ɗaya, "sauro", wadda yake kiran ƙwari iri-iri da ita. Yana kuma da "shawara", wadda ya haɗa cututtuka da dama a ƙarƙashinta, muddin dai ido ya yi ruwan ɗorawa. Ciwon hanta shawara ne, zazzaɓin da sauro ke kawowa shi ma shawara ne. Saboda haka idan annoba ta shigo ƙauye, sai a daɗe ana jiƙa saiwa ana sha kafin labari ya isa asibiti, alhali kuwa cikin waɗanda cutar ta tsananta a kansu kimanin rabi ne ke mutuwa.

Wannan ba labarin wata ƙasa ba ne. Annobar ta auka wa ƙasar Jos a 1969, ta sake yin ɓarna a Oju ta jihar Binuwai a 1986. Bayan an daɗe ba a ji ɗuriyarta ba, ta ɓullo a jihar Kwara a 2017. A daminar 2019 aka same ta a Alkaleri ta jihar Bauchi, kusa da gandun dajin Yankari, aka kuma same ta a nan jihar Katsina, a ƙananan hukumomi irin su Ɗanmusa da Kankara da Matazu, har aka yi gangamin allurar rigakafi a jihar baki ɗaya, daga ɗan wata 9 zuwa mai shekara 44.

To, me ya sa ƙasa irin ta Tafoki da Faskari da Sabuwa take cikin haɗari? Mutane da yawa za su nuna tafki, ko madatsar ruwa irin ta Mairuwa, ko fadamar shinkafa. Lalle waɗannan suna ƙyanƙyashe sauro, amma galibi mai kawo zazzaɓin cizon sauro ne da muka saba da shi. Mai ɗauke da shawara wani ne dabam. Masana suna kiran danginsa Aedes, baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafafu, kuma babu ruwansa da babban ruwa. Ɗan ruwa kaɗan yake so, wanda ya kwanta cikin wani abu: kogon kuka ko na tsamiya, ramin da ke bisa fa, randa, kasko, tsohuwar tayar mota. Wanda ya san duwatsun Faskari ya san yadda ruwan sama ke kwanciya a kansu rami-rami bayan kowane hadari.

Halin wannan ƙwaro abin mamaki ne. Macen ba ta zuba ƙwai a kan ruwa, sai ta liƙa shi a jikin mazubi, sama kaɗan da bakin ruwan. Ƙwan yakan jure bushewa wata da watanni, watau ya ƙetare rani, ranar da ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe, cikin mako guda ko kwana goma ya zama sauro. An ma tabbatar cewa ƙwayar cutar takan bi ta cikin ƙwan daga uwa zuwa 'ya'ya. Sa'an nan da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma la'asar sakaliya. Ashe ke nan gidan sauron da ake rabawa, duk da amfaninsa, ba zai tsare manomin da ke gona ba, ko yarinyar da aka aika itace.

Asalin cutar kuwa a daji take, tsakanin sauro da birai. Birin Afirka, kamar jan biri da kirka, yakan ɗauke ta ba tare da ta kashe shi ba, don haka babu wata alama da za ta faɗakar da mutane. Kudancin Katsina ya fi arewacinta ruwan sama da itatuwa, ga dajin Kogo, ga dazuzzukan da suka miƙa har Zamfara da Birnin Gwari. Duk gonar da aka sara a bakin daji ta kusanta mutum da biri, kuma sauron kogon itace ba ya zaɓe tsakaninsu. Daga marka zuwa kaka, lokacin da sauron ya fi yawa, lokacin ne kuma ake yini a gona ana gadin masara daga birai. Wanda aka ciza yakan fara zazzaɓi bayan kwana 3 zuwa 6, ya koma gida, sauron randa ya cije shi, ya kai wa maƙwabta.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ta fi damuna a shekarun nan ita ce rashin tsaro. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a Faskari da Kankara da Sabuwa. Wanda ya gudo gari ba shi da rijiya, sai ya tara ruwa a jarka da duro, sau da yawa babu murfi. Mai allurar rigakafi kuma ba ya iya shiga ƙauyen da ya fi kusa da daji, inda aka fi bukatarsa. Allurar nan tun 1937 aka samo ta, sau ɗaya ake yin ta ta tsare mutum iyakar rayuwarsa, kuma tun 2004 tana cikin alluran da ake yi wa jarirai 'yan wata 9 a Nijeriya. Amma gangamin 2019 bai shafi waɗanda aka haifa bayansa ba.

Ga ma'aikatan ƙananan hukumomi da ke cikin wannan zaure, ina ganin aikin duba-gari na da ya cancanci a farfaɗo da shi, amma da sani. Zubar da ruwan randa kawai bai isa ba, tun da ƙwan yana manne a jikinta. Sai an goge cikinta da soso ko tsintsiya duk mako, an rufe bakinta. Masu fassara sanarwar lafiya a rediyo kuma su riƙa cewa "shawarar da sauro ke kawowa" dalla-dalla, su ƙara da cewa da rana yake cizo, domin mai sauraro a Tafoki ya bambance ta da wadda ya saba jiƙa wa magani.