Ranar da Metronom Ya Tona Min Asiri

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau da labarin kunyar da na sha zan fara. Shekara shida ina kaɗa jita, tun ina aji biyu a jami'a. A unguwarmu ana yaba min, ni ma har na yarda na iya. Bara sai mu uku muka haɗa kuɗi muka shiga situdiyo za mu ɗauki waƙa ɗaya. Kun san kuɗin situdiyo da awa ake biya. Mai haɗa sautin ya sa min hedifon, sai na ji wani abu yana ƙas, ƙas, ƙas a kunnena. Ya ce in bi shi kawai.

Wallahi sau tara muna sakewa. A na taran ya juyo ya ce, "Malam, hannunka akwai daɗi, amma gudu kake yi." Na fara musu. Bai ja da ni ba, ya kira ni gaban kwamfuta ya nuna min layukan da bugu ya kamata ya sauka a kai. Duk inda aka zo amshi, nawa bugun ya riga layin isowa. Lokacinmu ya ƙare, shi ya buga wurina da piyano. Kuɗina na ciki, hannuna babu a waƙar. A adaidaita sahu har gida abokaina ba wanda ya ce min uffan, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo.

Wannan ƙas-ƙas ɗin shi ne metronom: na'ura mai bugawa a kan tazara ɗaya, ba ta sauri, ba ta jinkiri. Ana auna shi da yawan bugu a minti. In ka sa 60, bugu ɗaya ke nan duk daƙiƙa. In ka sa 120, biyu a daƙiƙa. Wani mai suna Winkel ne ya fara ƙera irinsa a birnin Amsterdam, sai Bajamushe Johann Maelzel ya ɗauki fasahar, ya ƙara mata ma'aunin lambobi, ya yi mata rajista da sunansa a 1815. Beethoven na cikin manyan mawallafa kiɗa na farko da suka rungume shi, a 1817 ya fitar da lambobin gudun da yake so a buga manyan kiɗe-kiɗensa. Irin na katakon nan mai lilo yawanci daga 40 yake tashi zuwa 208. Yau kuwa ba sai ka saya ba, manhajarsa kyauta ce a waya.

To me ya sa shekara shida ban san ina gudu ba? Saboda ni kaɗai nake koyo a ɗaki, daga ni sai YouTube. Inda ya yi min sauƙi in ƙara wuta, inda ya yi wuya in ja birki, kuma kunnena yana bin hannuna, sai komai ya yi min daidai.

Wani abokina ya ce min, "Kai dai ka cika son kayan Turawa. Makaɗan Shata da metronom suka koya? Ɗan Maraya Jos fa da kuntiginsa?" Tambayar tana da kyau. Amma ku duba yadda makaɗin gargajiya yake tashi. Tun yana yaro yana gefen babansa ko ubangidansa, ana ba shi ƙaramar ganga ya riƙe bugu ɗaya tak, in ya kauce a harare shi nan take. Ku tuna lugude: mata biyu ko uku a turmi ɗaya, wadda ta yi gaggawa taɓaryarta ta haɗu da ta 'yar'uwarta. Su suna da mai gyara musu kullum. Mu 'yan koyon ɗaki ba mu da shi, shi ya sa muke aron na waya.

Ga abin da na yi, minti goma sha biyar kowace rana.

Da farko na ajiye jitar ma gaba ɗaya. Na sa 60, ina tafi da hannu a kan kowane bugu. Akwai wata alama: in tafinka ya sauka daidai, ƙarar metronom ɗin sai ta ɓace, tafin ya rufe ta. In kana jin ta, to ko ka riga ta ko ta riga ka. Ranar farko a cikin ashirin da ƙyar na ɓatar da uku.

Sai na koma raba bugun. Tsakanin ƙas da ƙas in yi biyu, sannan uku, sannan huɗu, ina ƙirgawa da baki. Ku ba ukun nan muhimmanci, don da yawa cikin kiɗe-kiɗenmu na gargajiya tafiyar uku-uku suke yi, wani lokacin ma uku a kan biyu.

Daga nan na ɗauko amshin da ya kayar da ni. Waƙar a 104 take, na sauke ta zuwa 66. Sai na buga sau uku a jere ba kuskure kafin in ƙara huɗu. In na fara tuntuɓe, in koma baya. A nan na gano a hankali ya fi wuya, domin tazarar tana da faɗi, ba inda za ka ɓoye. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe.

Mataki na gaba shi ne wanda mutane suke tsallakewa, kuma shi ya fi amfani: rage wa kanka taimako. Maimakon ya buga maka huɗu, sa shi ya buga na biyu da na huɗu kawai. In ka saba, bar shi ya buga ɗaya a cikin huɗu. Wasu manhajojin ma suna yin shiru na ɗan lokaci su dawo, ka ga ko kun haɗu a hanya. Wanda ya tsaya a matakin farko, da an kashe na'urar sai ya rikice. Wanda ya bi wannan, lokacin a jikinsa zai zauna.

Kuma kada wani ya ji tsoron zai koma buga kiɗa kamar inji. Gwanin kalangu yakan jinkirta bugu kaɗan da gangan, ko ya ɗan tura shi gaba, a nan daɗin yake. Amma ya san inda tsakiyar take kafin ya kauce mata. Ni da ba salo nake yi ba, kuskure ne kawai na sa masa suna.

Bayan wata huɗu na koma situdiyon nan. Sau uku muka ɗauka ya ce ya isa. Har yanzu in na ji daɗin waƙa hannuna yakan so ya ruga, sai dai yanzu ina jin sa tun kafin a gaya min.

Aikin wannan mako: ɗan'uwa, 'yar'uwa, ko jita kake koyo, ko piyano, ko kalangu, ko rera waƙa kike yi, sa 60, ka yi tafi na minti biyu, ka ɗauki sautin a waya, sannan ka saurara. Ku faɗa mana sau nawa ƙarar ta ɓace. Nawa dai kun ji, uku ne.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.