Farar Gidanmu da Amalar Maƙwabta

(Jawabin da wani dattijo ɗan kasuwar goro ya yi a taron ƙungiya a Sabo, Ibadan)

Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, sai a yi mini afuwa in na yi tuntuɓen harshe.

Kwanakin baya autana ya dawo daga makaranta yana kuka. Ashe soyayyar fara ya tafi da ita, yara suka yi ta yi masa dariya, wai mai cin ƙwaro. Ya ce shi da fara har abada. Bai tsaya nan ba, ya ce abokansa suna tambaya, wai me ya sa uwarsu ba ta kiran sunan yayansu, ko ba ta sonsa ne?

Jama'a, wallahi sai jikina ya yi sanyi. Yaran ban ga laifinsu ba, abin da ba su sani ba ne. Laifin namu ne. Mun bar yaro ya girma bai san kunyar ɗan fari ba ce, bai san uwar da ba ta faɗin sunan nan ta fi kowa tashi da dare in ya yi tari ba.

To, ku ji ɗaya ɓangaren. Da na kai su gida hutu, ƙanwata ta tuƙa tuwon dawa miyar kuka, sai yaran suka ce ina amala da ewedu? Gida ya kwashe da dariya, aka ce Yarabawa sun zo. Nan a ce musu baƙi, can ma a ce musu baƙi. Ina za su sa kansu?

Tun 1916 aka kafa Sabon nan. Mun daɗe da mutanen nan. Daddawar da muke sa wa miya, ita suke kira iru, duk 'ya'yan ɗorawa ne. Amma mu ma in mun ga suna cin dodon koɗi sai mu yamutsa fuska. Alhali an kawo wa Manzon Allah (SAW) naman damo, bai ci ba, ya ce babu shi a ƙasar mutanensa, Khalid bin Walid ya ci a gabansa. Bai taɓa kushe abinci ba.

Saboda haka roƙona biyu ne. Mu zauna da yaranmu a kwano ɗaya, ko ɗumamen safe ne, mu gaya musu dalilin kowace al'ada tamu, don su samu amsar bayarwa a waje. Kuma mu hana su raina tukunyar maƙwabci. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Autan nawa dai ya koma cin fararsa, har wani abokinsa ya ɗanɗana ya nemi ƙari.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da mu lafiya. Wassalam.