Ƙidayar Mamata da Awon Cututtukan da Ba Sa Yaɗuwa



Maganata a yau ta shafi cututtukan nan da ba a ɗauka daga jikin wani, amma in sun kama mutum sai su zauna masa: ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, sankara, ciwon sukari, da cututtukan huhu masu daɗewa. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, su ne sanadin wajen kashi 74 cikin 100 na mace-macen duniya a shekarar 2019, wato mutum miliyan 41.

A watan Satumba na 2011 shugabanni suka hallara a Majalisar Ɗinkin Duniya kan wannan al'amari. A 2013 aka tsayar da manufofi 9 da ma'aunai 25, ciki har da rage cin gishiri da shan taba da kashi 30 cikin 100. A 2015 kuma aka yi alkawarin rage mutuwar 'yan shekara 30 zuwa 70 da sulusi kafin 2030.

To, da me za a auna cikar alkawarin? Da ƙidayar mamata da sanin ajalinsu. Nan gizo ke saƙar. Mu ɗauki Doguwa, Tudun Wada, Ƙiru da Bebeji. Manomi ya faɗi a gonarsa a Riruwai, a yi masa sutura kafin faɗuwar rana, a ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, amma hawan jinin da ya yi sanadi bai shiga littafin kowa ba. Rajistar mutuwa aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, sai dai kaɗan ne ke kai rahoto. Saboda haka alƙaluman da duniya ke jingina wa Nijeriya yawancinsu kirdado ne na masana lissafi.

Shawarata biyu ce. Ta fari, duk baligin da ya shiga ɗakin shan magani a auna jininsa, a rubuta. Wanda ya kai 140 bisa 90 a riƙa bibiyarsa. Ta biyu, dagatai, masu unguwanni da limamai su riƙa sanar da kowace rasuwa, ma'aikacin lafiya ya bi sawu ya tambayi iyali yadda jinyar ta kasance.

Jama'a, wanda ba a ƙirga ba, ba a yi masa tanadin magani.