Inji Awa Yake Ƙidayawa, Ba Wata Ba

 Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da duk inda muryar nan ta kai. Yau hirarmu a kan inji take: injin ban ruwa, da tarakta, da injin niƙa. Mai kaye da bik ya jawo su kusa, don akwai lambobin da za a rubuta.

Tun bayan farin 1984 aka ƙarfafa noman rani a ƙasarmu. A hankali injin ban ruwa ya karɓi aikin guga a garake da yawa. Yau in ka shiga garaken albasa na Galmi, ko na kwarin Tarka, ko na bakin Gulbin Maraɗi, ƙarar inji ce za ta tarbe ka. Wani sa ya saida ya saye shi, wani bashi ya ci. In injin nan ya tsaya lokacin da albasa ke sa kai, kwana kaɗan sun isa wahalar wata uku ta lalace.

Na taɓa tambayar ɗalibaina: yaushe ake juye man inji? Wani ya ce in mai ya yi baƙi. Wani ya ce sau ɗaya a shekara, kafin a fara aiki. Wani dattijo ya ce shi ba ya taɓa inji sai ya ji yana tari. Muka yi dariya, amma duk amsoshin nan uku babu daidai a ciki.

Inji bai san wata ba, bai san shekara ba. Abin da ke cinye shi awowin da ya yi yana juyawa. Saboda haka masu ƙera shi da awa suke lissafi. Ku rubuta wannan. Ƙaramin injin ban ruwa mai shan esansi, irin Honda GX160 da masu kama da shi, in sabo ne ana juye mansa bayan awa 20 na farko. Dalili, sabon ƙarfe yana gogar ɗan'uwansa, garin ƙarfen yana zuba cikin mai. Daga nan sai kowace awa 100. In kuwa inji bai yi aiki da yawa ba, kada man ya wuce wata 6 a cikinsa.

To, mu yi lissafi tare. Mai garka yana ban ruwa awa 5 kowace rana. Awa 5 sau kwana 20, awa 100 ke nan. Ashe duk kwana 20 yana bukatar sabon mai. Wanda ya ce sau ɗaya a shekara, ku duba nisan da ke tsakaninsa da gaskiya. Cikin injin nan ba ya ɗaukar abin da ya wuce litar 0,6, wato rabin litar da ɗan ɗori. In aikin albasa ya ɗauki kwana 120, juyi 6 za a yi, man duka bai kai litar 4 ba. Ku tambayi kuɗin litar 4 a kasuwa, sannan ku tambayi makaniki nawa yake karɓa in ya buɗe inji ya canza fistan. Ku da kanku za ku raba gardama.

Tarakta tana da agogonta a gaban direba, mai ƙidaya awa. Yawancin taraktocin da ke aiki a gonakinmu ana juye mansu na farko a awa 50, daga nan kamar kowace awa 250, a canza matatar mai tare. Wasu sababbi suna kai awa 500. Littafin da ya zo da ita shi ne alƙali. Ina roƙon shugabannin koperatif, littafin nan kada ya kwana cikin akwati. In da Faransanci yake ko Ingilishi, ku kai wa malamin gona ko malamin lakkol ya fassara muku shafin awowi, ku kwafe shi da Hausa ku manna a bangon magaza. Lokacin huɗa tarakta takan yi awa 10 a yini. Kwana 25 kawai, awa 250 sun cika.

Injin ban ruwa shi ba shi da agogo. Agogonsa ku ne. Wannan shi ne amfanin karatun da kuke yi da dare. Ku ware shafi ɗaya a kaye. Ku ja layi biyu, gida uku ke nan: kwanan wata, awowin yau, jimla. Kun tada inji ƙarfe 7, kun kashe ƙarfe 11, ku rubuta 4. Ranar da jimla ta kai 100, ku juye mai, ku ja layi, ku sake farawa daga sifili.

Yanzu mu koma kan maganar baƙi. Injin gazuwal, ko yau ka zuba masa sabon mai, bayan ɗan aiki kaɗan za ka ga ya yi baƙi ƙirin. Hayaƙin ƙonuwa ne mai ke kwashewa, aikinsa ke nan. Wani man kuma yana nan da haskensa, alhali ya gaji. Ido ba ya gane wannan, yatsa ma ba ya ganewa. Launi ɗaya ne zai sa ka tsaya nan take: in ka ga mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Kashe inji ka nemi makaniki.

Akwai masu cewa: ni kullum ina ƙara mai, me zai sa in zubar da na ciki? Ƙari daban, juyi daban. In ka zuba ruwa mai kyau cikin randar da laka ta kwanta, randar ba ta wanku ba. Duba mai kowace safiya wajibi ne, inji yana zaune daidai a ƙasa, ba a karkace ba. Amma datti sai an kwance ƙusar ƙasa yake fita, kuma ya fi fita in inji yana da ɗumi. Kada a cika mai ya wuce alama. Kada kuma a ce mai kauri ya fi kyau. Lambar da littafi ya faɗa ita za ku nema a jikin galan. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, ba suna ba lamba, ni dai ba na ba ku shawarar sa. Tsohon man da kuka juye kada ya kusanci rijiya, kada a shafa shi a gyambon jaki ko na mutum, guba ne.

Sai babban maƙiyin inji a ƙasarmu, wato ƙura. Inji yana shaƙar iska kamar mutum, kuma iskar da yake sha ta ninka man da yake sha sau dubbai. Rairayi in ya bi iska ya shiga, yana cin cikin inji kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Matatar iska ita ke tare shi. Littafi ya ce a share ta kowace awa 50, amma ya ƙara da cewa in wurin mai ƙura ne a yawaita. To, ina ya fi namu ƙura lokacin hunturu? Ku riƙa duba ta kowace rana. Mai injin niƙa ma haka, don garin hatsi yana toshe ta.

Na ga wani saurayi ya cire matatar ya jefar, wai inji ya fi ƙarfi in babu ita. Gaskiya ne ya ɗan ƙara kuka. Kafin a cire albasa yana ta zuba hayaƙi mai shuɗi, yana shan mai kamar ruwa. In matatar ta soso ce, a wanke ta da ruwa da sabulu, ta bushe sarai, a ɗan shafa mata mai a matse. In ta takarda ce, ruwa ko esansi ba sa taɓa ta. A bubbuga ta a hankali a tafin hannu. In ta huje, ko hujin bai fi na allura ba, sai sabuwa.

Direbobin tarakta, ga taku. Wasu suna cire tamostat, suna cewa kayan ƙasar sanyi ne. A bar shi inda yake, shi ke riƙe inji a kan zafin da ya dace da shi. In tarakta tana zafi, a fara duba radiyata, sau da yawa ƙaiƙayi da ciyawa ne suka toshe raga. Kada a buɗe marfin yana tafasa, ya ƙone mutane da yawa. Kada a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, ƙarfe yana tsagewa. Giris kuwa, wasu gaɓoɓi kowace awa 10 suke so, wasu kowace awa 50. A kashe inji kafin a sa hannu, kuma babbar riga da rawani su yi nesa da sandar da ke juyawa a baya. A cika tanki da gazuwal da yamma bayan aiki, don tankin da ya kwana wofi yana yin raɓa a ciki, ruwan nan kuwa yana kashe famfon gazuwal.

Masu ban ruwa, kada ku tada inji sai kun cika cikin famfo da ruwa. Minti kaɗan a bushe sun isa su ƙone abin da ke hana shi yoyo. Wanda ke saukar da inji cikin rami don ya kusanci ruwa, kada ya zauna a ramin inji yana aiki. Cikin hayaƙin akwai iska mai kisa, ba ta da wari, mutum sai ya ji barci kawai.

In aikin rani ya ƙare, kada a jingine inji da tsohon mai a ce sai baɗi. A juye, a zuba sabo. A tsiyaye esansin tanki da na karbirata, don in ya daɗe yana zama kamar ƙaro ya toshe hanya. A zubar da ruwan famfo, a rufe inji a ɗaki. Tarakta kuma a cire mata kan batir, a ajiye ta a inuwa.

Ga aikin gida. Kowa ya ja gidajen nan uku a kayensa, ya rubuta awowin injinsa na kwana 7, ya haɗa jimla ya kai wa malaminsa ya duba. Wanda ba shi da inji ya rubuta na maƙwabcinsa, ko na mai niƙan unguwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.