Guguwa da Ƙaramar Gunduma: Abin da Ya Sami Kiowa ta Jihar Kansas



Idan ana zancen bala'o'i irin su ambaliya da fari da guguwa, akasari hankali yakan tafi ga manyan birane, domin a can ne ake ƙirga gawawwaki da yawa. Amma ƙaramar gunduma ta karkara tana da nata haɗarin dabam, wanda gundumar Kiowa ta Jihar Kansas a ƙasar Amurka ta isa misali a kansa.

Kiowa ƙasar noman alkama ce da kiwon shanu, akasarinta shimfiɗaɗɗiya. A ƙidayar shekarar 2000 mutanenta 3,278 ne kacal, kusan rabinsu kuwa suna zaune a babban garin gundumar, watau Greensburg. Yankin yana inda iska mai ɗumi da laima daga Tekun Meziko take karo da busasshiyar iska daga yamma da kuma mai sanyi daga arewa. Wannan karo shi ke haifar da guguwa, ba irin 'yar guguwar rani mai kwashe tsummoki da karan dawa ba, a'a, wadda take tsinke gida daga tushensa.

Ran 4 ga watan Mayu, 2007, da dare wajen ƙarfe goma saura kwata, irin wannan guguwa ta auka wa Greensburg. Faɗinta ya kai mil 1.7, watau ta kusa rufe garin duka, kuma an ƙiyasta gudun iskarta ya kai mil 205 a awa ɗaya. Ta rushe kashi 95 cikin ɗari na gine-ginen garin, ta kashe mutum 11. Duk wanda ya dubi yawan ɓarnar zai yi mamakin ƙarancin mamatan. Dalili shi ne ofishin lura da yanayi na Dodge City ya yi gargaɗi da wuri, jiniya ta yi ta kuka kamar minti ashirin kafin isowarta, jama'a kuwa sun san ma'anar kukan, suka shige ɗakunan ƙarƙashin ƙasa.

To, a nan ne ya kamata ma'aikacin hukuma ya tsaya ya yi nazari. Gargaɗi ya ceci rayuka, amma bai ceci gundumar ba. Asibitinta yana Greensburg, ya rushe. Makarantun garin sun rushe, haka ofishin hukumar gari, haka tankin ruwa. Babban birni in unguwa ɗaya ta faɗi, sauran unguwanni sukan kawo ɗauki. Ƙaramar gunduma kuwa ta tara ƙwanta duka a kwando ɗaya, ba don wauta ba, sai don ba ta da kwando na biyu. Ma'aikatan da za su yi agaji su ma gidajensu ne suka rushe, kuma dukiyar da ake karɓar haraji a kanta ita ce iska ta kwashe.

Agaji ya zo daga gwamnatin tarayya, Shugaba George Bush da kansa ya ziyarci garin bayan 'yan kwanaki. Mutanen gari suka yi shawarar sake gini ta hanyar tattalin makamashi, aka gina sabon asibiti da sabuwar makaranta, aka kafa injuna goma masu samar da lantarki daga iska. Aiki ne na a yaba.

Sai dai gini ya fi saurin dawowa bisa ga mutane. Wanda ya ƙaura zuwa wani gari don jiran gyara, ya sami aiki, ya sa 'ya'yansa makaranta, da wuya ya komo. Greensburg mai mutum 1,574 a shekarar 2000, a ƙidayar 2010 an sami 777. A ta 2020 kuwa 740 ne.