Kurkum, Hanji da Ciwon Damuwa

Wata mai sauraro ta aiko tana tambaya, wai gaskiya ne kurkum na maganin ciwon damuwa? To, a 2019 masu bincike a Beljiyam sun duba mutum sama da 1,000, suka tarar wasu ƙwayoyin bakteriya na hanji sun yi ƙaranci a cikin masu wannan ciwo. Ana gwada sinadarin kurkum ko zai gyara zaman ƙwayoyin, sai dai yawancin gwajin nan a kan ɓeraye ne. Don haka uwargida, zuba kurkum a girki ba laifi, amma kar ki ajiye maganin likita saboda shi. Mai jegon da ta daina barci, kullum sai kuka, don Allah a kai ta asibiti.