BINCIKE DON ADALCI A SHA'ANIN LAFIYA: DARASI DAGA AMARAWA



Gabatarwa

Amarawa gari ne a ƙasar Illela ta Jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijeriya da Jumhuriyar Nijar, kusa da hanyar da take ƙetarawa zuwa Birnin Konni. Mutanen ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, kasuwanninsu ɗaya, suna kuma auratayya tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su shata iyakar. Wannan lacca ta zaɓi Amarawa ne domin a irin wannan wuri ake gane ko manufar lafiya da aka tsara a Abuja ta isa ga talaka, ko kuwa ta tsaya a takarda. Abin da za a tattauna shi ne irin ƙwarewar da mai bincike yake bukata kafin ya iya faɗin gaskiyar wannan al'amari.

Daidaito da Adalci

Ya kamata a fara bambance kalmomi biyu da ake yawan gauraya su. Daidaito shi ne a ba kowa mudu ɗaya. Adalci kuwa shi ne a auna wa kowa gwargwadon bukatarsa. Idan aka raba magani daidai wa daida tsakanin asibitin cikin birni da ɗakin shan maganin ƙauyen da zazzaɓi ya fi addaba da damina, an yi daidaito, amma an tauye adalci. A shekarar 1971 wani likita mai suna Julian Tudor Hart, wanda ya yi aiki cikin masu haƙar kwal a ƙasar Wales, ya nuna cewa kyakkyawar kulawa takan yi ƙaranci a inda aka fi bukatarta. Taron Alma-Ata na 1978 ya ɗora kiwon lafiya matakin farko a kan gyaran wannan karkata, kuma a kan wannan turba Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya kafa manufar lafiya ta ƙasa ta 1988.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba tun daga lokacin. Akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. Akwai kuma dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya. Duk da haka, binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 31 cikin 100 na yaran Nijeriya ne suka sami cikakken rigakafin farko. A Jihar Anambra adadin ya kai kashi 76, a Jihar Sakkwato kuwa kashi 5. Wanda ya tsaya ga adadin ƙasa baki ɗaya bai ga Sakkwato ba. Haka nan wanda ya tsaya ga adadin Sakkwato bai ga Amarawa ba.

Ƙwarewa ta Farko: Sanin Wanda Ba a Ƙirga Ba

Littafin rajistar asibiti yana rubuta sunan wanda ya zo ne kurum. Matar da naƙuda ta kama cikin dare babu abin hawa, da yaron makiyayi da ke mashekari, da wanda kuɗin kati ya hana shi fitowa, duk babu su a ciki, alhali kuwa su ne ainihin waɗanda maganar adalci ta shafa. Saboda haka tambayar farko ga mai bincike ita ce: cikin mutum nawa aka sami wannan adadi?

A bakin iyaka wannan tambaya tana da wuyar amsawa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Nijeriya an yi ta ne a 2006, abin da ake aiki da shi tun daga nan kintace ne. Sa'an nan jama'a suna kai da kawowa. A ɗauka an ƙiyasta jarirai 100 a wata mazaɓa, rajista kuma ta nuna an yi wa 95 allura. Jami'i zai rubuta cewa aiki ya yi kyau. Amma idan 30 daga cikinsu daga ƙetaren iyaka aka kawo su ranar kasuwa, to yaran gida 35 suna nan babu rigakafi, rahoto kuma ya lulluɓe su. Maganin wannan shi ne a shiga gida gida, a rarrabe sakamako bisa jinsi, da nisa daga asibiti, da ƙarfin aljihu, a kuma gwama shi da na ma'aikatan lafiya na Konni, tun da ƙyanda da sanƙarau ba sa tsayawa a shingen kwastan.

Rufe iyakar da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, dama ce ga mai bincike ya auna yadda hukuncin da ba na lafiya ba yake taɓa lafiya, domin a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun majinyaci yake fitowa, mutuwar kasuwa tana nufin mutuwar ikon sayen magani.

Ƙwarewa ta Biyu: Harshe da Al'ada

Takardun tambayoyi da yawa da Ingilishi ake tsara su, sa'an nan a juya su zuwa Hausa a gaggauce. Nan ake yin ɓarna ba a sani ba. Kalmar zazzaɓi ta ƙunshi cututtuka da dama waɗanda likita yake rarrabewa. Shawara a bakin tsohuwa ciwo ce, a bakin jami'i kuwa tuntuɓa ce. Idan aka tambayi mace yawan 'ya'yanta, kunyar ɗan fari tana iya sa ta tsallake shi, ɗan da ya rasu kuma ba a son ambatonsa gaban baƙo. Har ila yau, al'adar goyon ciki takan mayar da mace gidan iyayenta domin haihuwar fari, kuma a wuri irin Amarawa gidan iyayen yana iya kasancewa a wata ƙasa. Wace rajista ce za ta ɗauki wannan haihuwa? Lalle ne masu nazarin Hausa su zauna da masu nazarin lafiya tun daga ranar tsara tambayoyi, kuma mata su yi wa mata tambaya a cikin gida.

Ƙwarewa ta Uku: Bin Sawun Kuɗi da Isar da Sakamako

Manufa tana bayyana gaskiyarta a kasafin kuɗi. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Aikin mai bincike ne ya bi kuɗin daga abin da aka rubuta, zuwa abin da aka saki, zuwa abin da ya isa ɗakin shan magani, ya kuma duba ungozoma nawa aka tura ƙauye, nawa suka zauna.

Bayan haka sai isarwa. Kundin da ya kwanta a ɗakin karatu bai warkar da kowa ba. Ya kamata ɗalibi ya iya taƙaita bincikensa a shafi biyu domin Kwamishina da Shugaban Ƙaramar Hukuma, ya kuma koma ya karanta shi da Hausa a gaban hakimi da jama'ar da suka ba shi lokacinsu. Bincike mai naci yana tasiri: aikin da aka daɗe ana yi a Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, yana cikin abin da ya ƙarfafa Nijeriya ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da wannan cuta ta 'ya'yan talakawa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a Disamba 2023.

Kammalawa

Nauyi yana kan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran makarantun jihar su horar da ɗalibai a fagen aiki, yana kuma kan ma'aikatan gwamnati su buɗe littattafansu ga masu bincike ba tare da ɗaukar tambaya a matsayin zargi ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar da ɗan Amarawa ko 'yar Amarawa suka iya ƙirga mutanensu da kansu, suka kai adadin gaban masu yanke hukunci, ranar ce za a fara auna musu da mudun adalci.

Allah ya sa a dace.